Katin Usaina, Tikitin Hassana

Tanut

Ko ladan bai gyara murya ba na riga na ɗaura zane na zauna kan akwati. 'Yata Balkisa ta haihu a Yamai, mijinta ya ce jirgin sama zan hau daga Damagaram in je suna. Ni Hassana mai ƙosan bakin tasha! Mako guda duk wanda ya zo sayen ƙosai sai ya ji labarin jirgi, ko yana so ko ba ya so.

Usaina, 'yar'uwata da muke tagwaye, ita ta haɗa mini kaya: cuku, yaji, zannuwan goyo. Katunanmu na ɗan ƙasa a kwalla ɗaya muke ajiyewa. Ta zaro ɗaya ta tura mini cikin jaka. Daga mu biyun ba wadda ta yi boko, hoto kawai muke dubawa.

Hanya

Motarmu ta tashi bayan sallar asuba, mu da buhunan gero da wani rago mai ƙorafi. A Bakin Birji na sha fura mai sanyi. A shingen jandarma aka karɓi katunanmu, jandarman ya dubi hoto, ya dube ni, ya miƙo mini. Na ce masa, "Ɗana, gobe ta sama zan wuce ka." Ya ce, "Ki ɗago mana hannu, Inna."

Damagaram

Na sauka gidan ƙanenmu Sani. Da la'asar ya ce mu je ofishin masu jirgi a tabbatar da tikiti. Yarinyar da ke wurin ta karɓi katina, ta dubi na'urarta, ta sake duban katin.

"Inna, ya sunanki?"

"Hassana."

"To wannan katin na Usaina ne."

"Ai duk ɗaya ne, 'yata. Dubi fuskar."

Ta yi dariya har ta dafe tebur. Ta ce fuskar kam ba gardama, amma jirgi suna yake ɗauka. Sunan da ke kan tikiti shi ake nema a kan kati, in sun saɓa ba mai barina in shiga. Jirgin kuwa ba kullum yake zuwa ba, in na rasa na gobe suna ya wuce ni. Na zauna kan benci.

Sani ya kira Usaina a waya ya ce ta ba direban safe katin. Ina jin muryarta daga nesa: "In ba wa? Katin 'yar'uwata guda? Da ƙafata zan kawo shi. Ni ma ina da ido, zan ga jirgin nan!"

Filin jirgi

Washegari hantsi ya yi, ba Usaina. Aka fara auna kaya, ba Usaina. Ashe tayar motarsu ce ta fashe a hanya. Ina tsaye bakin ƙofa, duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Layi ya rage mutum uku sai ga babur na kabu-kabu a guje. Usaina ce a baya, ɗankwali a karkace, ta ɗaga kati sama tana kiran sunana kamar mai kiran akuya. Ta saka irin atamfar da ke jikina, don tare muka ɗinka ta saboda suna.

Ɗan sandan ƙofa ya karɓi katunan biyu. Ya dube ni, ya dube ta, ya kira abokin aikinsa.

"To wace ce mai tafiyar?"

Usaina ta kafe jirgin da ido ta cikin gilashi. Na zungure ta da gwiwar hannu.

"Ita ce," ta ce da kyar. "Amma in da kujera ba kowa..."

Kowa a wurin ya fashe da dariya. Aka buga mini hatimi na wuce.

Sama da Yamai

Da jirgi ya zabura na riƙe hannun wani alhaji da ban sani ba, ina salati ina dariya. Gonaki suka koma kamar tabarmi. Aka ba ni lemo, na sha a kan gajimare! Kafin in gama mamaki aka ce mun iso. Jariri namiji ne, kumatu cike. Na goya shi ranar suna, na yi guɗa har muryata ta dishe.

Gida

Bayan mako biyu na dawo ta mota, na iso Tanut da magariba, ƙugu kamar an daka. Na zaci unguwa za ta cika don jin labari, sai na ga mata ɗai-ɗai. Maƙwabciyata ta ce, "Ai mun sha labari, Hassana. Ba ke kika zauna nan kina ba mu yadda gajimare yake ba?"

Na juya wajen Usaina. Tana tuƙa tuwo, kafaɗunta na rawa don dariya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa surukina, da Sani, da mai kabu-kabun da ban san sunansa ba. Usaina kuwa, godiyarta sai ta maido mini da labarina.