Askin da Baba Kofur Ya Zauna Jira

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata, ranar da na je ƙofar gidan Baba Kofur ni kaɗai ba za ta fita daga raina ba. Abin da idona ya fara sauka a kai da na iso shi ne sumarsa. Tun da nake ban taɓa ganin gashi ya taru haka a kansa ba, sai ga shi ya tsiro fari fat kamar an barbaɗa gari. Yana zaune a kan benci a gindin dogon yaro, ga kwanon ruwa da guntun sabulu a gefensa, yana kallon hanyar tasha.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ina aji biyu a sakandare, gidanmu yana Nasarawa a Birnin Kebbi. Kakana na wajen uba kuwa a Argungu yake. Tsohon soja ne da ya je yaƙin Bama, kowa Baba Saje yake ce masa. Ban taɓa ganin mutum mai son iyalinsa kamarsa ba. Ba ya sa hannu a tuwo sai ya zaga ɗaki ɗaki ya ga kowa ya samu. Shi yake ɗebo wa kakata ruwa a rijiya, abokansa na yi masa tsiya yana dariya. In maɓallin rigar makarantarmu ya fita, shi zai zaro allura daga wata 'yar jakar soja ya ɗinke, yana lumshe ido ɗaya.

Baba Kofur abokinsa ne tun daga can. Kirista ne, mutumin tsaunukan Filato, aikin gadi ya kawo shi Birnin Kebbi ya zauna. Tun a dajin Bama suke yi wa juna aski, kuma bayan sun dawo wanzami bai ƙara taɓa kan ɗayansu ba. Duk tsayuwar wata Baba Saje zai shigo mota daga Argungu da askarsa a gwangwani da ƙunshin busasshen kifi. Yakan biyo gidanmu ya ɗauke ni in riƙe musu madubi, wai don ni ce ba ni da surutu. Gaskiya ne. Ko a aji, in malami ya kira ni sai muryata ta maƙale.

Ina tsaye da madubi nake jin tsiyarsu. Baba Kofur zai ce Saje ya bi a hankali, hannunsa ya fara rawa, shi kuwa yana son kunnensa. Kakana ya ce, "Kunnen da bai jin oda, mi amfaninshi?" Sai ya juyo gare ni ya ce, "Amaryata, duba min wanga kai, ba kamar gonar da fara ta ci ba?" Ni dai sai in ɓoye fuska a bayan madubin.

Allah Ya yi wa kakana rasuwa wata Talata bayan sallar asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. An aika yara a kan keke zuwa ƙauyukan dangi, an faɗa a masallatai, an ba direbobi saƙo. Muka je Argungu muka zauna har addu'ar bakwai. Gidan ya cika maƙil, amma ni abin da nake ta kallo shi ne gugansa a rataye bakin rijiya, ya bushe ƙayau. Duk cikinmu ba wanda ya tuna cewa Baba Kofur ba ya zuwa masallacin da zai ji sanarwa. Kowa ya ɗauka wani ya gaya masa.

Ni ma ban tuna ba. Sai da muka dawo, wata ya tsaya har ya kwana huɗu, na ga madubin a kan tagar ɗakin mahaifiyata, sannan na tuna da Baba Kofur. Mahaifina yana Argungu bai dawo ba. Washegari da aka tashi makaranta ban bi hanyar gida ba.

Baba Kofur yana ganina ya washe baki. "Amaryar Saje! Ina angon naki? Kwana biyar ina ajiye ruwa. Ki ce masa soja ba ya makara."

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa. Na sake gaishe shi, don ban san abin da zan ce ba. Tun daga makaranta nake shirya magana, amma duk ta gudu. Na tsaya ina kallon ƙafarsa, da tsohon tabon da ke bisa idon sawunsa, ina jin in na tashi na tafi gobe ma haka zai fito da kwanon nan. Da ƙyar na ce, "Baba, ya rasu. Yau kwana ashirin da uku."

Bai yi kuka nan take ba. Ya dafa benci ya miƙe, ya haɗa dugadugansa, ya fuskanci hanyar Argungu ya sara irin ta soja. Ya daɗe a haka, hannunsa a gefen goshi. Matarsa ta leƙo daga zaure, da ta gan shi ta dafe ƙirji ta koma. Da ya zauna ya tambaye ni ko ya sha wahala, da wanda ya yi masa wanka, da ko kakata tana cin abinci. Na faɗa masa abin da na sani.

Daga nan ya ba ni labarin da kakana bai taɓa ba mu ba. Ya ce a Bama zazzaɓi ya kayar da shi, Saje ya goya shi a baya suka ƙetare rafi, yana ta yi masa zancen matarsa da jaririn da ya bari a Argungu don kada ya yi barcin da ba tashi. Jaririn nan shi ne mahaifina. A nan suka yi alkawari cewa duk wanda ya rage, shi zai je gidan ɗan'uwansa ya zauna da iyalinsa kwanakin makoki. "Ga shi an yi bakwai ba ni," in ji shi. A nan ne hawayen suka zubo.

Har yau ina kewar mutanen nan biyu, da ƙarar aska a kan fata, da ƙamshin sabulunsu. Ranar na gane cewa dangin mutum ba su ƙare a waɗanda suka haɗa jini da shi ba, kuma kunyar da za ta bar wani yana jira a bakin hanya ba tarbiyya ba ce.

Bayan kwana biyu mahaifina ya dawo. Ban taɓa roƙonsa komai kai tsaye ba, sai ta bakin mahaifiyata. Amma da la'asar na same shi a kan tabarma na durƙusa na gaya masa inda na je. Ya rufe fuska da tafin hannu yana salati. Na jira ya ɗago, sannan na ce, "Baba, don Allah ranar arba'in mu tafi da shi. Kuma kada a bar shi cikin masu zuwa gaisuwa. Ya zauna kusa da kai, a tabarmar masu karɓa."