Saiwar Jema a Aljihun Mai Gadi

Har yau ban manta da ranar da kwamiti ya zauna don rufe wa shanun Arɗo Buba hanyar ruwa ba, alhali abin da zai wanke su yana cikin aljihuna ban sani ba. Yaran da suka gaje mu a sashen aikin gona sun matsa mini in rubuta labarin, wai kowa yana ba da shi yadda ya ga dama. To, ga shi daga bakin mai shi. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, a aji huɗu na yi sallama da makaranta, kuma malaman ba su yi kukan rabuwa da ni ba.

Sunana Ilu. Mai gadin daji nake a ƙaramar hukumarmu har na yi ritaya. Ga wanda bai san tsarin ba, a sashenmu akwai shugaban sashe a sama, sai malaman gona da malaman daji, sai mu masu gadi a can ƙasa, inda in ka duba bayanka babu kowa sai babur ɗinka. Aikin sashen ba rabon taki kaɗai ba ne kamar yadda mutane suke zato. Mu ne masu lura da gandun daji, da burtali, wato hanyar da aka ware wa dabbobi, da tafkunan da suke sha, da kuma wuraren da ruwa yake cin ƙasa.

Akwai wani ƙauye a gindin duwatsu, can wajen Roni. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu ina zuwa cin tuwo. Duk damina ruwa yakan gangaro daga kan dutse da ƙarfi, har ya haƙa kwari mai zurfi a gabashin garin. Kowace shekara kwarin sai ya ƙara matsowa. Ya ci rabin gonar Sarkin Noma, ya doshi gidajen bakin gari. Shugaban sashenmu na lokacin, Alhaji Nuhu, mutum ne mai sanyin magana da son aikinsa. Shi ya sa aka kawo jema aka dasa layi-layi a bakin kwarin. Jema dai ciyawa ce doguwa, wadda ake saƙa zana da ita. Saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, ta riƙe ta kamar an ɗinke. Da aka gama dashe, aka tara magidanta a ƙofar dagaci aka yi musu gargaɗi: kada a sa wuta, kada a bar dabba ta shiga. Aka ce ni zan riƙa zagayawa.

Damina ta farko jema ta kama, ta yi kyau, har baƙi ake kaiwa su gani. Da rani ya shigo sai layukan suka fara giɓi. Yau ka ga tushe a nan, gobe ka tarar da rami. Wurin kuma cike da sawun kofato, domin burtalin da ke zuwa tafki ta gefen kwarin ya bi. Ta nan shanun Arɗo Buba suke wucewa kullum. Arɗo Bafulatani ne da ya daɗe da zama a bayan garin, yana kiwo yana noma, 'ya'yansa ma a nan aka haife su.

Sarkin Noma bai tsaya dogon bincike ba, ya kai ƙara ofis. Ya ce shanu ne suke tumɓuke jemar, kuma in ruwa ya sauka a haka, sauran gonarsa ta tafi. Ya nemi a rufe wannan hanya. In an rufe ta kuwa, babu wani ruwa kusa a tsakiyar rani. Sai dai Arɗo ya kwashe garkensa ya bar gida da gona, ya nausa arewa wajen Babura neman mashaya.

Alhaji Nuhu ya kira ni ofis.

“Ilu, ka taɓa ganin saniya tana tumɓuke jemar nan da idonka?”

“Ranka ya daɗe, ban gani ba. Sawu dai na gani.”

“To ka buɗe ido. Ba na son a tashi mutum daga gidansa a kan sawu.”

Na buɗe ido iyakar ƙarfina. Tunda shanu aka ce, sai na tsara zuwana daidai da lokacin shanu. Da hantsi nake isa, bayan na karya a Kazaure. In zauna a kan dutse in ƙura wa garke ido har ya wuce. Wata ta ɗan fizgi ganye, makiyayi ya daka mata tsawa, shi ke nan. Washegari kuma in tarar da sabon rami.

Da rana ta take, akwai inda nake fakewa. Gidan ƙarshe a bakin kwarin na wata dattijuwa ne, Ya Falmata. Babarbariya ce, mijinta ya rasu, sana'arta haɗa turaren wuta da humra, har daga Gwiwa ake aiko mata in za a yi biki. A ƙofar gidanta akwai tsamiya mai inuwa. Kullum in na zauna sai ta miƙo mini ruwa a kwanon sha. Ni kuwa tunda nake ban taɓa shan ruwa irin nata ba. Ga sanyin randa, ga wani ƙamshi da ke bin maƙogwaro. Na yi ta yabo har ran nan ta ɗauko wani ɗan ƙunshi na siraran saiwoyi, an naɗe su kamar gammo, ta ba ni.

“Ungo, ɗan gwamnati. Ka kai wa matarka ta jefa a randa. Ai ku ya kamata a gode wa.”

Na ɗauka gadin da nake yi take gode wa. Na sa hannu biyu na karɓa, har ina cewa ai aikinmu ne. A nan zan ɗan kare kaina. Ni ɗan cikin gari ne, ubana tela ne. Na san jema a jikin zana, na kuma san irin wannan saiwa a faifan 'yan koli a kasuwa. Ban taɓa tunanin kai da ƙafar abu ɗaya ba ne.

Da bazara ta matso, giɓin ya yi yawa, sai aka kira kwamitin sasanta manoma da makiyaya. Ƙa'idarsa ita ce a je wurin da abin ya faru, a ji bakin kowa, sannan a yanke. Shugaban sashe ne ke jagora, da wakilin hakimi, da dagaci, da masu ƙara. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar Ya Falmata, don nan ne inuwa mafi kusa. Ni ina tsugune a gefe, ƙunshin da ta ba ni jiya-jiyan nan yana aljihu, na manta ban kai gida ba.

Sarkin Noma ya yi bayani, ransa a ɓace, kuma ba a ga laifinsa ba, gonar gado ce. Aka juya ga Arɗo. Ya jingina sandarsa a kafaɗa, ya yi magana a hankali.

“Yallaɓai, saniya da harshe take cin ciyawa. Ba ta da fartanya. Amma ba ni da shaida sai bakina. In kun rufe, zan tafi. Abin da nake roƙo, a bar ni in kai girbi.”

Wakilin hakimi ya ce girbi ya yi nisa, ruwa kuwa ya kusa. Dagaci ya ce shi dai zaman lafiya yake so. Aka tambaye ni, na maimaita maganar sawu. Na ga Alhaji Nuhu ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Duk wanda ya yi aiki da shi ya san in ya fara haka, zai faɗi abin da ba ya so ne.

Daidai nan aka fito da ruwa daga gidan Ya Falmata, don zafi ya yi yawa. Ni kuma da ba na iya ganin dama ta wuce ni, na tashi da rawar jiki na karɓi kwanon na kai wa maigidana, Alhaji Nuhu.

“Ranka ya daɗe, taɓa wannan ka ji. Duk ƙasar nan babu irinsa.”

Ya kurɓa, ya dakata, ya sake kurɓa. Ganin haka sai na ce bari in cika aikin. Na zaro ƙunshin daga aljihu na miƙa masa.

“Ga ma asirin nan. A kai wa Hajiya ta sa a randa.”

Alhaji Nuhu ya karɓa. Ya juya shi, ya shinshina, ya kankare ɗanyar ƙasar da ke jiki da farce. Sannan ya ɗago ya dube ni, irin duban da ake wa mara lafiyar da bai san jikinsa ba.

“Ilu, ka san mene ne wannan?”

“Maganin ƙamshin ruwa, ranka ya daɗe.”

Arɗo ya miƙo hannu aka ba shi. Ya tashi ya je bakin kwarin, ya tona gindin wani tushe da sandarsa, ya tsinko saiwa guda, ya dawo ya ajiye ta kusa da tawa a kan tabarma. Ko makaho ya shafa ya san uwarsu ɗaya.

“Yallaɓai, na amsa laifi,” in ji shi. “Ashe shanuna sun ƙware. Su tona, su wanke, su naɗe, su sa wa ma'aikaci a aljihu.”

Wakilin hakimi ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na nemi inda zan sa fuskata na rasa.

Aka yi sallama da Ya Falmata. Ta fito da mayafinta, ta gaida manya, ta zauna daga gefe. Da aka tambaye ta, ko gezau.

“Ni ce, da ni da maƙwabtana. In mun idar da sallar asuba mukan je da dagi kafin rana ta yi zafi. Ba don mutane gwamnati ta dasa ba? Da sai na aika kasuwa, yanzu ga ta a bayan ɗakina. Har godiya na aika ta hannun wannan.” Ta nuna ni.

Arɗo ya gyara zama. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ba ya jiran wuri.

“Dama na faɗa, duk inda aka rasa abu a duba gidan Babarbare. Yau da kin kore ni daga gari saboda ƙamshi.”

“Kai tafi can, mai bin wutsiyar saniya. Da ka tafi ma da ƙuda ya ragu.”

Alhaji Nuhu ya bari aka gama dariya. Sannan ya ce mata ta taso, ya kai ta bakin kwarin, ya nuna mata inda ƙasa ta tsage a wuraren da aka tone, da yadda tsagar ta nufi katangarta.

“Iya, wannan saiwar da kike cirewa ita ce take riƙe da ɗakinki.”

Ta daɗe tana kallo. Da ta juyo, babu wasa a fuskarta.

“To me ya hana a faɗa mana?”

Dagaci ya ce ai an tara mutane a ƙofar gidansa an yi gargaɗi.

“An tara maza. Ni mijina yana ƙasa, wa zai kawo mini labarin ƙofar gidanka? Waɗanda suke da mazan ma, abin da aka ce musu a kula da wuta da awaki. Mu ba wuta muka sa ba.”

Dagaci ya sunkuyar da kai. Sarkin Noma ma ƙasa yake kallo, don daga baya na ji randar gidansa ita ma tana ƙamshi.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Burtali ya zauna a buɗe. Sarkin Noma ya miƙa wa Arɗo hannu, ya ce a yafe shi. Alhaji Nuhu ya ce a cike giɓin kafin ruwan fari, kuma a ware wa mata wani fili a bayan famfon gari, inda ruwa ke kwanciya, a dasa musu jemarsu su tona yadda suke so. Ta bakin kwari kuwa, a yanki ganye a yi zana, amma ba a taɓa gindi. Ranar dashe Arɗo ya aiko da amalanken shanu cike da taki. Ya Falmata ta ce ba ta gode ba, bashin ƙuda ya biya. Tun daga nan ita ta zama mai gadin gaskiya. Ko akuya ta doshi wurin, muryarta ake fara ji. Kwarin bai ƙara matsowa ba har na bar aiki, ɗakinta yana nan.

Ni kuma na samu suna. Arɗo ya raɗa mini Mai Gadin Randa, sunan ya bi ni har ofis, har yau jikokinsa da shi suke gaishe ni.

Ku da kuke aikin yanzu, ga abin da na tsinta. In an aike ku da sanarwa a kan ƙasa ko ruwa, kada ku tsaya a ƙofar dagaci ku ce gari ya ji. Ku je bakin famfo, ku je wurin injin niƙa, ku je ruga. Ku tambayi mutane me suke yi da abin da kuka dasa, don wataƙila abin da kuke kira maganin zaizaya, su wani abu suke gani. Kuma in an ce ku yi gadin abu, ku roƙa a nuna muku shi daga sama har ƙasa.

Ƙunshina dai Alhaji Nuhu bai dawo mini da shi ba. Ya ce shaida ce, dole ta zauna a ofis. Bayan 'yan kwanaki na shiga kai masa rahoto, ƙishirwa ta kama ni, na ɗebi ruwa a randar da ke bayan ƙofarsa. Na kurɓa, na dakata, na sake kurɓa. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Na ajiye moɗa a hankali, na ce masa shaida tana nan lafiya.