Lambar da Ke Wuyan Riga

A ƙarshen makon nan Baffana, Malam Ilu tela, zai cika shekara goma sha biyu a ƙasa. Wan mahaifina ne, kuma shi ya riƙe mu. Bai taɓa riƙe muƙami ba, kuma in ban da dattawan Birnin Kudu da Gwaram, ban zaci akwai mai tuna sunansa ba. Amma duk sa'ad da wayata ta yi ƙara na ga lambar da ban sani ba, shi ne yake faɗo mini a rai.

Dole in yi wa matasa bayani. A zamanin da nake magana, waya ta girke ce, mai igiya, kuma a duk layin kasuwarmu guda ɗaya ce tak. Ta wani attajirin hatsi ce, Alhaji Ɗanladi, amma a shagon Baffa aka girke ta, saboda Alhaji ba ya zama, Baffa kuwa ba ya tashi. Idan aka bugo wa mutumin ƙauyen Kangire, sai Baffa ya ba wani mai keke saƙon. Idan na Gwaram ne, sai ya rubuta a bayan takardar awo ya miƙa wa direban motar da ke kan layi. Wanda zai bugo daga nesa kuwa, sai ya fara da lambar yanki, wato 'yan lambobin nan na farko da ke nuna garin da ake nema, sannan ya ci gaba da lambar shagon.

Mahaifina, Malam Yahuza, malamin Islamiyya ne mai kyakkyawan karatu. Bayan wata doguwar jinya sai hankalinsa ya riƙa ɗaukewa. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Abin da yake yi kawai, ya idar da sallar asuba ya kama hanya, duk motar da ta tsaya ya shiga. An sha sa masa takarda mai adireshi a aljihu, sai ta jiƙe ko ya ƙunshe goro da ita. Wata rana Baffa ya tattaro rigunansa duka, ya juya wuyan kowace, ya ɗinka lambar wayar shagon da baƙin zare, layi biyu: ɗaya da lambobin boko, ɗaya da na Larabci. Sau biyu wannan ɗinki yana dawo mana da shi gida.

Da labari ya bazu, sai abin ya zama al'ada. Maniyyaci ba ya tafiya Hajji sai ya biyo ta shagon. 'Yan ci-rani masu gangarawa kudu bayan girbi su ma haka, da tsofaffin da ba su iya karatun boko ba. Baffa ba ya karɓar ko kwabo a kan wannan. Yana cewa zare kamu ɗaya ne, ba abin ciniki ba ne.

Bayan an ƙirƙiro sabuwar jiharmu da 'yan shekaru, sai hukumar waya ta yanke shawarar canza wa yankinmu lamba. Ni na karanta sanarwar a rediyo, domin a lokacin na fara aikin karanta labarai. Na tuna har na gyara wa mai fassara kalma biyu kafin in shiga ɗakin watsa shirye-shirye. Na karanta ta sarai, na wuce zuwa farashin taki. A ranar, mahaifina yana da wata goma sha ɗaya da fita ta uku, kuma babu wanda ya san inda yake. Ban haɗa waɗannan abubuwa biyu a kaina ba. Har yau ina jin nauyin wannan.

Da na zo gida ƙarshen mako, na tarar da Baffa yana zura zare a allura. Bai ɗago kai ba.

"Na ji muryarka," ya ce. "Ko tuntuɓe ɗaya ba ka yi ba."

"Aikin ke nan, Baffa."

"Madalla. Ka ce kowa ya sanar da 'yan'uwansa sabuwar lamba."

"Haka aka rubuta."

"To, kai ka sanar da ubanka?"

Sai a lokacin na gane. Duk rigar da ke jikin mahaifina, a duk garin da yake, tsohuwar lamba ce a wuyanta. Ranar da aka rufe ta, duk bawan Allahn da ya tsince shi ya buga, ba zai samu kowa ba.

Ba Baffa kaɗai ne ya ƙi canjin ba, amma dalilan mutane sun bambanta. 'Yan kasuwa sun riga sun rubuta tsohuwar lamba a allunan shaguna da jikin manyan motoci. Wasu kuma ƙyamar sabon abu ce kawai. Akwai kuma masu goyon baya, kuma ba za a ce ba su da hujja ba: jiha ta samu gashin kanta, layuka suna ƙaruwa, ba za a dawwama a ƙarƙashin lambar wani gari ba. Ni kaina a wannan ɓangaren nake kafin in zauna a gaban Baffa. An yi taro a ƙofar gidan Alhaji Ɗanladi, aka rubuta takardar koke, aka zaɓi wakilai. Mutanen Gwaram suka turo wani malaminsu, Malam Buba, mutum mai barkwanci, wanda da isowarsa ya ce, "Ku masu waya kuna kuka, mu da muke aron kunnenku fa? In ta mutu, mu sai dai mu koma kiɗa ganga."

An sa ni cikin tawagar don in yi tafinta idan Turanci ya taso. Baffa ya zo tasha da buhu a kafaɗa. Malam Buba ya dube shi ya ce, "Ilu, koke za mu kai ko talla?" Baffa ya ce, "Kai dai ka riƙe takardarka."

Jami'in da ya karɓe mu matashi ne mai ladabi. Ya karanta takardar, ya yi bayanin dalilan hukuma dalla-dalla, kuma bayaninsa ya fi takardarmu ƙarfi. A ƙarshe ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, lamba ce kawai. Mako biyu kowa zai saba."

Sai Baffa ya kwance buhun, ya zazzage shi a kan tebur. Tsofaffin riguna ne da ya bi gida-gida ya aro. Ya riƙa juya wuyansu ɗaya bayan ɗaya. Wannan, ya ce, mai ita ya faɗi a wajen jifan Shaiɗan a aikin Hajji, da ita aka gane shi. Wannan, mota ta kife da mai ita a hanyar kudu. Wannan ta ƙanena ce, irinta uku suna jikinsa yanzu, ban san a wace ƙasa yake ba.

"Yallaɓai," ya ce, "waɗanda suka dawo, zan farke in sake musu, zare bai ƙare ba. Waɗanda ba su dawo ba nake tambaya a kansu. Su, wa zai farke musu?"

Jami'in ya ɗauki riga ɗaya, ya daɗe yana shafa ɗinkin da yatsa. Ya ce ba shi da ikon soke abin da aka yanke daga sama, amma zai rubuta. Ya kuwa rubuta. Ba a janye canjin ba. Abin da aka samu shi ne wa'adi: lambobin biyu za su yi aiki tare na wata shida. 'Yan kasuwa suka ce an yi asarar kuɗin mota. Baffa ya ce wata shida ma kwana ne masu yawa.

A cikin watannin nan bai je biki ba, bai je kasuwar ƙauye ba. Ko masallaci zai shiga sai ya zaunar da maƙwabcinsa mai facin takalma kusa da wayar. Ya sake ɗinkin rigunan rabin gari. A wata na biyar aka bugo, ta tsohuwar lamba. Wata ma'aikaciyar jinya ce daga wani gari can ƙetaren Binuwai. Ta ce an kawo wani mutum da babur ya buge, bai farfaɗo ba, sun ga lamba a wuyan rigarsa.

Kwana biyu muka yi a hanya, ni da shi. Da aka kai mu bakin gadon, sai muka ga mutumin da ba mu taɓa gani ba. Rigar kuwa ta mahaifina ce, Baffa ya gane ɗinkinsa tun daga ƙofa. Mutumin ya riga ya farfaɗo. Ɗan dako ne a kasuwar goro. Ya ce wata rana ruwan sama ya yi masa duka, sai wani malam mai sharar masallacin tasha ya tuɓe rigarsa ya ba shi.

A masallacin muka sami mahaifina, da tsintsiya a hannu. Ya rame, amma jikinsa tsaf, kuma direbobin tashar suna girmama shi, suna kawo masa abinci. Ya gane Baffa nan take. Ni kuwa ya gaishe ni gaisuwar baƙo. Mun yi yini guda muna lallashinsa ya biyo mu. Ya ce shi yana da aiki a nan, wa zai share masallacin? Na so mu ɗauke shi da ƙarfi. Baffa ya ce in muka yi haka, asuba ɗaya za ta raba mu da shi, kuma a karo na gaba ba lalle a samu ɗan dako ba.

Sai ya ce a kawo masa sauran rigunan. Ya zauna a barandar masallacin, ya fito da reza da allura daga cikin hularsa, ya farke tsohuwar lamba, ya ɗinka sabuwa.

"Yahuza," ya ce, "in za ka yi kyauta, ka ba da hula, ka bar riga."

Mahaifina ya yi dariya. Baffa ya ci gaba da ɗinki, can sai ya ce, "Kai, ka ma bayar. Kyautar ce ta kawo mu."

Bayan shekara biyu da 'yan watanni, limamin masallacin tashar ya bugo ta sabuwar lamba, da hantsi, ya sanar da mu rasuwar mahaifina kafin ma a yi jana'iza. Mahaifiyata ta shiga takaba a ranar da ya kamata ta shiga. Aka yi zaman gaisuwa a ƙofar gidanmu kamar yadda ake yi wa kowa. Mun san inda kabarinsa yake. Wanda bai taɓa rasa mutum babu gawa babu labari ba, da wuya ya san girman wannan.

Ba a jima sosai ba wayar hannu ta shigo, wayoyin girke suka mutu, tsohuwar lamba da sabuwar duk suka tafi tare. Wani zai ce ashe duk wahalar banza aka sha. Ban yarda ba, amma na san dalilin da zai sa a faɗi haka.

Ina yawan tambayar kaina me Baffa zai ce da ya ga yau. Daga Gwaram yanzu mace tana magana da ɗanta a Makka tana ganin fuskarsa, kuma na tabbata wannan zai faranta masa rai, domin shi ba maƙiyin sabon abu ba ne. Amma zai lura da abin da ni ma nake lura da shi. Muna da ɗaruruwan lambobi a aljihu, ba mu haddace ko ɗaya ba. Mutum yana canza layi don garaɓasar kira, ba ya tunanin wa ke riƙe da tsohon. Kwanan baya a babban asibitin garinmu na ga an kawo wani da hatsari ya rutsa da shi, wayarsa a hannun ma'aikata, a kulle da lambar sirri, ana ta juya ta babu yadda za a yi. Na tsinci kaina ina kallon wuyan rigarsa. Babu komai a wurin sai tambarin kamfani.

A shekarunsa na ƙarshe idon Baffa ya yi rauni, ya bar keken ɗinki. Da ya rasu, aka fito da tufafinsa don a rabar da su sadaka kamar yadda ya yi wasiyya. Ni nake ninkewa. Na juya wuyan wata tsohuwar shadda, sai na ga baƙin zare. Ɗinkin ya karkace, lambobin wasu manya wasu ƙanana, aikin mutumin da yake lalube da yatsa. Lambar wayar hannuna ce. Na duba sauran, kowace da ita, layi biyu, boko da Larabci. Bai taɓa gaya mini ba.

An rabar da rigunan a ranar. Wasu sun tafi Kangire, wasu Gwaram, wasu matafiya ne suka karɓa, ban san inda suka nufa ba. Shagon yanzu wurin cajin waya ne, keken ɗinkin yana ɗakin ajiya ya yi tsatsa, kuma mai yiwuwa yawancin rigunan sun zama tsumma tuntuni. Amma ban san ko duka ba.

Layin nan nawa ba ya kamawa sosai a unguwar da nake zaune yanzu, sai na fita tsakar gida. 'Ya'yana sun gaji da ce mini in canza. Shekara goma sha biyu ke nan ban canza ba, kuma duk baƙuwar lambar da ta kira ni, ina ɗauka. Allah Ya jiƙan Baffa Ilu, Ya haɗa shi da ƙanensa a inda babu mai ɓata.