Ranar da Habu Ya Hau Jirgin Kwal

Direbobin da muke zaman jiran fasinja tare a filin jirgin sama na JFK a New York sun san ni da surutu, amma da hira ta karkata kan jirgin ƙasa sai bakina ya mutu. Alhaji Tanko, wani mutumin Kumasi, ya taɓa tambayata, "Malam Sani, ko jirgi ya taɓa yi maka laifi ne?" Na ce masa a'a. Ban dai gaya masa wanda ya yi laifin ba.

A Sabon Garin Zariya na tashi, dab da loko, inda ake kwantar da kawunan jirgi. Kakarmu Iya Gambo ce ta riƙe mu, ni da ƙanena Habu. Gyaɗa take dafawa ta sayar a tasha. Da an idar da magariba sai ta ɗora babbar tukunya, mu kewaye murhu, tana iza wuta tana ba mu tatsuniya. Habu ne ke zama jikinta. Shi ke iya kwaikwayon usur ɗin kowane jirgi, har ya gaya maka direban da ke ciki, Iya ta yi ta dariya tana share hawaye da gefen zane. Ni da na girme shi da shekara guda, aikina miƙo itace.

A lokacin dizal ya riga ya shigo, kawunan kwal kuwa an jere su a gefe suna tsatsa. Sai wasu Turawa masu kyamarori suka zo, suka sa a tayar musu da guda ɗaya ya kai su Funtuwa ya dawo. Kawu Ilu, ɗan Iya, shi aka ba tuƙin. Ya zo gida ya ce wannan ce fitarsa ta ƙarshe da jirgin kwal, kuma an yarje masa ya ɗauki yaro ɗaya a ɗakin direba.

"Habu zan ɗauka," in ji shi. "Shi ne mai son abin."

Babu wanda ya dube ni. Tuwon ranar ban san ta inda ya bi ba. Da asuba na lallaɓa na ɗauke takalman Habu, na jefa su cikin tsohuwar randar da ke bayan ɗaki. A tunanina Kawu ba zai tafi da marar takalmi ba, ni kuwa ga nawa a ƙafa. Aka nema aka rasa. Jirgi ya yi usur, Habu ya zura da gudu ƙafa ba komai, Kawu ya miƙo hannu ya ja shi sama. Ina tsaye ina kallo Turawa suna ta ɗaukarsa hoto.

Da yamma a kafaɗa aka dawo da shi, ƙafar dama naɗe da tsumma. Garwashi ne ya faɗo daga bakin wutar injin, ya taka.

Ran nan Iya ba ta fasa hura wuta ba. Ta kwantar da Habu a tabarma, ta ce, "Ga ta nan tafe bisa dogo." Muka ce, "Ta iso mu ji ta."

Wai da can jaki ne sarkin zaƙin murya. In ya yi waƙa a hanyar kasuwa, mata har sauke tallarsu suke su saurara. Sai jirgi ya zo ƙasar. Jama'a suka watse daga wurin jaki, kowa ya tafi kallon abin da ke huci yana fitar da hayaƙi. Jaki ya rame. Ya sami hankaka ya ce, "Kai da kake ganin komai daga sama, me wannan yake ci?" Hankaka ya ce, "Wuta yake ci, ya kora da ruwa." Jaki ya tafi maƙera, ya faki idon maƙeri ya haɗiye garwashi, ya ruga rafi ya sha ruwa. Hayaƙi ya fito masa ta hanci kuwa, sau ɗaya. Da ya buɗe baki zai yi waƙa, sai wannan kukan da kuka sani.

"Jirgin fa, Iya?" in ji Habu daga kwance.

"Jirgi bai ma san ana yi ba, ɗan nan. Shi kukansa na ciyawa ne, yana ganinta koriya shar a gefen hanya, ba shi da ikon sauka." Ta juya gyaɗa da ludayi, ba ta kalle ni ba. "Ƙurunƙus kan jaki. Sani, in ka tashi ka duba mini randar baya, kamar na ga wani abu a ciki."

Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan maganar, har ta koma ga Allah.

Da na ce tatsuniyar ta warkar da ni, da na yi ƙarya. Ƙafar Habu ta warke, ya kuma sami labarin da ya ci gaba da bayarwa a makaranta, a majalisa, har a wurin ɗaurin aurena: yadda gonaki ke gudu da baya, yadda Kawu ya bar shi ya ja igiyar usur. Duk sanda ya fara sai in kau da kai. Na zo Amurka, na kama haya a unguwar Highbridge, na aurar da 'ya'ya, na hau jiragen sama ban san iyaka ba. Habu yana Zariya yana gyaran keken ɗinki. Amma shi ya hau, ni ban hau ba.

Bara autata Maryam ta kai ni wani ƙauye a Pennsylvania inda ake tayar da tsohon jirgin kwal saboda masu yawon buɗe ido. Da warin kwal ya buge ni, sai da na dafa ƙarfe. "Daddy, are you okay?" in ji ta. Na ce ta kira mini baffanta ta bidiyo.

Habu ya fito a waya, gemu duk furfura. Na juya masa jirgin ya gani, sannan na ce, "Habu, takalmanka na ranar nan, ni na ɓoye su."

Ya yi dariya har da tari. "Yaya, ai na gan ka. Idona biyu."

"Shi ne ba ka taɓa faɗa ba?"

"To ni ma ina da tawa. Ko Shika ba mu kai ba na taka wutar nan. Kan buhu Kawu ya kwantar da ni, kuka na yi har Funtuwa, na yi har gida. Ban ga gona ko ɗaya ba. Usur kuwa, ina na ga ƙafar tsayuwa? Duk a bakin Kawu na tsinci labarin." Ya matso da fuskarsa jikin wayar. "Matsa kusa, Yaya, in ga cikin ɗakin direban. Ban taɓa kallonsa da kyau ba."

Shekara da shekaru na ɗauka Iya gargaɗina take, kada in ƙone kaina garin son abin wani. Ashe ta sassauta mini ne, don a tatsuniyarta mai hassadar ne ya ƙone, a gidanmu kuwa ba haka aka yi ba. Na roƙi direban, wani dattijo Bature, ya ce mutum ɗaya zai iya hawa na minti biyu. Na hau, na ɗaga wayar sama, na bi da ita kusurwa-kusurwa a hankali. Da na sauko Maryam ta tambaye ni yadda cikin yake. Na ce ta tambayi baffanta, shi ya gani.