Alhamis ɗin Mma Barakatu

Mma Barakatu ba ta da fara'a, kuma ba zan ƙara mata abin da ba ta da shi don ta mutu ba. Daga Ƙonni ta zo Kumasi tana amarya, ta biyo wani falke mai safarar goro. Mijin ya rasu a hanyar Salaga, ya bar ta da ɗaki biyu a Zango, ba ɗa ba jika. Sai ta share ɗaki ɗaya, ta tara 'yan matan unguwa tana koya mana karatu. Mu goma sha ɗaya ne, ni Habsa ina cikin ƙanana.

Ta koya mana allo da alwala da durƙusa wa babba. Amma abin da ta riƙe da hannu biyu shi ne gaida mara lafiya. Ran Alhamis ba karatu, yaran duniya na wasa, mu kuwa sai ta jera mu, kowa da ƙwaryar koko a ka, mu bi matan da ke kwance gida-gida. A dokarta ba a tsayawa bakin ƙofa. Sai kin shiga, kin zauna kan tabarmar mara lafiya, kin dafa goshinta, kin yi mata addu'a. Wadda ta toshe hanci, kunnenta zai sha murɗa a hanya.

"Wari kike ji?" in ji ta. "Naki ma yana nan tafe."

Ina da shekara tara ɓeraye suka fara mutuwa a ɗakunan ajiyar goro. Daga nan sai mutane. Zazzaɓi, kumburi a hammata, kwana uku an kai mutum. Liman Is'haƙa da kansa ya tako har gidanta.

"Mma, a bar yaran nan a gida har Allah Ya yaye mana."

"Malam," ta ce, "sai gari na lafiya ake neman mai gaisuwa?"

Taurin kai ne, ba wani abu ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Alhamis ɗin nan ta kai mu ɗakin Hadija mai tuwo, muka zauna kan tabarmarta kamar kullum. Kafin wata Alhamis, cikinmu 'yan makaranta Mamuna da ƙanwarta Awa sun rasu, Rahamatu ta bi su. Uwar su Mamuna ta zo, ba ta yi zagi ba, ta jingine allunan 'ya'yanta biyu a bango ta juya. Mma ta rufe makaranta a ranar.

Ran Talata muka ji ita ma ta kwanta. Da Alhamis ta zo, mu biyar daga cikin waɗanda suka rage muka sulale da hantsi ba da sanin iyayenmu ba, da kokonmu a ka. Ba wanda ya aike mu. Abin da muka sani ke nan.

Muka tarar da ƙofarta a saye.

"Wa ke nan?"

"Mu ne, Mma. Mun zo gaisuwa."

Can sai muryarta ta fito, a shaƙe. "Ku ɓace min, 'yan banza! Wa ya kira ku?"

Balki, babbarmu, ta ce, "Mma, ke kika ce ba a tsayawa bakin ƙofa." Ta tura ƙyaure, ta sa ƙafa ɗaya.

Butar ƙasa ce Mma ta jefo, ta same ta a goshi, jini ya wanke mata fuska. Na hango Mma ta dafa bango, ɗankwali ya zame, tana haki.

"Duk wadda ta taka ɗakin nan, ban yafe mata ba, duniya da lahira!"

Ba mu taɓa jin malami ya faɗa wa ɗalibinsa haka ba. Muka zubar da ƙore, muka ruga muna kuka, muna cewa Mma ta tsane mu.

Cikin mu biyar babu wadda ta yi ko ciwon kai. Duk mun yi aure, mun ga jikoki.

Ita kuwa sai ran Asabar 'yan duba-gari suka ɓalle ƙofar, suka same ta a bayan ƙyauren, ta tokare shi da jikinta. Ba a sami wanda ya laƙƙana mata kalmar shahada ba.