Golan Haya

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na gefen Gezawa, ana sallame salla direba ya riga ya tada mota a ƙofar masallaci. Za mu wani gari ne kusa da Kunci, wasan ƙarshe na kofin ƙauyuka. Ni malamin firamare ne, ni ne sakataren ƙungiyar ƙwallon garinmu, kuma bakina ne ya jawo duk abin da zan ba ku labari. Shekara uku ina damun mutane a majalisa cewa ƙwallo yanzu ta mai kuɗi ce, wanda ya fi biyan 'yan wasa shi ke ɗaga kofi. Bana Alhajin da ke ɗaukar nauyinmu ya gaji da surutuna, ya ce to in nemo 'yan wasa daga birni, zai biya. Na nemo biyar, ɗaya daga cikinsu gola ne.

To ai muna da gola. Abokina ne tun muna yara, shekara tara yana tsare mana raga ba a taɓa ba shi ko kuɗin sabulu ba. Filin da muke atisaye ma gonar mahaifinsa ce. Duk shekara in damina ta matso, shi ke zuwa ya durƙusa gaban tsohon ya roƙa a ƙara barin ta ba shuka. Ya san za a kawo 'yan gaba daga birni, bai san har da mai gadon wurinsa ba. Ni aka ɗora wa faɗa masa, kwana uku ina cewa sai gobe. Ga shi a mota kusa da ni, ya rungume safar hannunsa a leda, an wanke ta an ɗinke inda ta yage.

Hanyar Gezawa zuwa Kano a wannan lokaci ta masu sammako ce: babura ɗauke da mutum uku uku, akori-kura cike da buhuna, mata da ƙoren nono a bakin titi. Ana ta sharar gona, an zuba taki tsibi-tsibi ana jiran ruwa. Ban taɓa lura da yadda gona ke manne da gona a ƙasarmu ba sai ranar. Ba ka ganin taku ashirin da aka bari banza. Na yi ta kallo ina tunanin abin da tsohon nan ke yafewa duk shekara don samari su yi guje-guje.

A bakin birni muka ɗauki 'yan hayarmu. Yara ne masu ladabi, sun gaishe mu sosai, sai dai kowa ya toshe kunnensa da waya, takalmin ƙafar ɗayansu kuma zai sayi rigunan ƙungiyarmu gaba ɗaya. Na ƙarshen shiga dogo ne, safar gola sabuwa fil rataye a jakarsa. Abokina ya dubi safar, ya dube ni. Ni kuma sai na ga babu abin da ya fi tagar mota ban sha'awa a duniya.

Mun yada zango a Bichi don karyawa. Mu muka yi ƙosai da koko, 'yan birni suka ce taliya da ƙwai, mai shayi kuwa da ya ga baƙi sai ƙwai ya yi tsada nan take. Ga tumatir da albasa na noman ranin Watari a kwanduna, araha har direba ya cika bayan mota. A nan na ja abokina gefe, na fara kame-kame, ina kawo zancen dabara da tsarin wasa. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Malam, ai tun Kano na gane. Amma da a gida ka faɗa mini, da ban ta da Baba da asuba ya sa mini albarka ba."

Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina ɗalibi.

Daga Bichi hanya ta fara ramuka, garuruwa suka yi nisa da juna, shanu suka yawaita. Mun isa da hantsi, an sa wasan da wuri saboda masu komawa nesa. Filin rairayi ne, an zagaye shi da igiya, mutane har kan bishiyoyi.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: kuɗin Alhaji sun yi aiki. Ɗaya daga cikin 'yan gaban da muka ɗauko ya ci biyu kafin hutun rabin lokaci, irin cin da yaranmu ba za su iya ba ko za su shekara suna gwadawa. Amma golan haya bai san sunan kowa a 'yan bayanmu ba, yana ta kiran mai lamba huɗu, mai lamba huɗu kuwa bai ma san lambar da ke bayansa ba. Haka aka farke mana ɗaya. Sai na ga abokina ya tashi daga benci ya zagaya bayan raga ya tsaya cikin rana. Daga nan ya riƙa kiran yaranmu da sunayensu, wane koma, wane rufe hagu, yana faɗa wa dogon inda zai tsaya, har aka hura tashi. Dogon ya kaɗe fanareti saura minti kaɗan. Biyu da ɗaya, kofi namu.

Da aka zo hoto, 'yan birni ne a gaba da kofi. Abokina kuwa ya tsaya can ƙarshen layi, rabin fuskarsa ma bai fito ba.

A hanyar dawowa an yi waƙa har muryoyi suka dushe. A bakin birni 'yan haya suka karɓi kuɗinsu a ambulan suka sauka, muka rabu lafiya. Dogon ya ce in riƙe lambarsa, amma in riƙa kira da wuri, don mako mai zuwa wani gari ya riga ya kama su, kuma can sun fi mu biya. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ke nan.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne ban yi ƙarya a majalisa ba. Ƙarin kuɗi yana kawo nasara, na gani da idona, kuma duk wanda ya ce ba haka ba bai ga ƙwallayen nan biyu ba. Inda na yi kuskure shi ne na lissafa abin da za a biya baƙi, ban taɓa lissafa abin da 'yan gida ke ba mu kyauta ba, don ba a taɓa kawo mini shi a takarda ba.

Mun shigo gari gab da magariba, muna jiyo ganga da hon ɗin babura daga ƙofar gidan Alhaji. Abokina ya ce direba ya sauke shi a bakin filinmu. Na biyo shi ƙasa, na ce ya daure ya zo a yi murna da shi, ai da shi aka ci. Ya ce ya yi murna, Allah ya sanya alheri. Sannan ya dubi turakun raga.

"Malam, a turo yara gobe su cire itacen nan. Baba ya daɗe yana son a kai taki gonar. Bana ban san da wane baki zan roƙe shi ba."