Keken da ba mu samo ba

Bana shekara bakwai ke nan da maigidana, Baban Hauwa, ya koma ga Mahaliccinsa. Malamin sakandare ne a Gusau, amma a Damba an fi saninsa da kekunansa. Wani yadi da ake kira kabon yake sayowa daga Legas, baƙi mai sheƙi kamar leshi, ya jiƙa shi da gam, ya naɗe a jikin bututu, ya shanya a kan kwano har ya ƙame. Gangar jikin keken da ke fitowa, da hannu ɗaya nake ɗaga ta in yi shara. Bai taɓa sayarwa ba. Sha'awa ce kawai.

Ya sha gaya mini cewa ƙarfe yana da kunya, sai ya lanƙwashe kafin ya karye. Kabon kuwa ba ya gargaɗi. In iska ta maƙale a cikinsa, ido ba ya gani, sai ranar da ya tsinke da mutum a kai. Don haka duk gangar da ya gama sai ya bi ta da cokalin shayina yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kusa. Wadda sautinta ya mutu, ya ɗaura mata jan zare ya rataye. Ni kaɗai na san ma'anar zaren.

Da ya rasu ina cikin takaba, ba na leƙa ko zaure. Yayansa, Alhaji Babba, ya zo daga Bungudu ya buɗe shagon da marigayi ke haɗa kekunan, ya ga jan zare a kan biyu daga cikin gangunan. An ce tsayawa ya yi ya ce, "Wanga na mi ne? Malami guda da camfi?" Ya tsinke, don ya rufa wa ƙaninsa asiri. Ya sa aka ɗaura musu ƙafafu, aka haɗa da masu lafiyar aka yi sadaka, ladan ya kai kabari. Allah ya san da alheri ya yi.

Ranar da na fita takaba na gaya masa ma'anar zaren. Shi da kansa ya bi ƙauyuka neman kekunan biyu. Ɗaya ya same ta a Karakkai, ta riga ta rabe da wani mai kai nono kasuwa, Allah ya taƙaita a karayar hannu. Ɗayar an ce ta yi Kwatarkwashi, daga nan an sayar wa wani mutumin Tsafe. Sai hanya ta lalace da 'yan bindiga, ƙauyuka suka fara watsewa, nema ya tsaya.

Ina yawan tunanin abin da marigayi zai ce da yau. A zamaninsa hawan nishaɗi ake yi. Yanzu mutumin ƙauye yana ajiye keke ne saboda ranar gudu, ga mata a baya, ga goyo, ga gangara mai duwatsu. Kuma mafi sauƙin nauyi shi zai fi amincewa da shi. Watan jiya wata mai tallan fura ta ce ta ga baƙin keke marar walda wajen Tsafe, da buhun masara a kai.

Mutane na tuna shi da kyauta da haƙuri, kuma gaskiya ne. Ni abin da ya bar mini shi ne tsoron kada aikin hannunsa ya cuci wani, tsoron da yanzu ba shi da bakin faɗa. Allah ya jiƙansa. Kai kuma bawan Allah da keken nan ke hannunka, ban san sunanka ba, amma kullum kana cikin addu'ata. Don girman Allah, ka sauka.